Illela Tana Auna Komai, Ban da Ƙarar da Ke Cin Kunnuwanta

Da wuya a sami mutanen da suka san darajar awo kamar mazauna garin kan iyaka. A Illela, wadda ke kilomita 80 da 'yan kai arewa da birnin Sakkwato, kusan kowane abu da ma'auninsa. Gero da wake ana auna su da mudu, albasa da buhu, fetur da lita, su kuwa 'yan canji kullum suna cikin lissafin naira nawa za ta sayi jaka guda ta sefa. Ranar Lahadi idan kasuwa ta cika, dillali a kara zai zagaya sa ko raƙumi sau ɗaya ya yanke masa kuɗi, kuma da wuya ya kauce da nisa. Abu guda ne ya cika garin tun daga hantsi har dare ba tare da an taɓa tambayar yawansa ba, shi ne ƙara. Ga rurin manyan motoci masu jiran tsallakawa Birnin Ƙonni, ga hon ɗin 'yan kabu-kabu, ga kukan janareta a ƙofar shagon cajin waya, ga injinan niƙa, ga kuma lasifikar mai tallan magani tana gasa da ta mai sayar da waƙoƙi.

Ba na cikin masu ɗaukar hayaniyar kasuwa a matsayin abokiyar gaba. Sau biyu a 'yan shekarun nan mutanen Illela suka ɗanɗani shiru, kuma babu wanda ya so ya daɗe. Na farko shi ne lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai a Disamba na 2020, tare da ta Seme da ta Maigatari da ta Mfum. Na biyu ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, inda ƙofa ta zauna a garƙame har watan Maris na 2024. Shirun da ya sauka a tasha cikin waɗancan watanni shiru ne irin na gidan da ba a ɗora tukunya ba. Saboda haka idan ɗan Illela ya ji injin tirela yana ruri, abinci yake ji.

Sai dai abin da ke ciyar da mutum yana iya cinsa idan ya wuce kima. A watan Oktoba na 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar da za ta tashi daga Illela ta dire a Badagry ta jihar Legas, mai tsawon kilomita 1,068. In Allah Ya sa ta kammala, motoci za su ƙaru, sana'o'i za su ƙaru, ƙara ma za ta bi su. Wannan ya sa nake ganin lokaci ya yi da garin zai fara tambayar kansa: nawa ne ya isa, nawa ne ya yi yawa, kuma kunnen wa ke biyan kuɗin? Ma'aunin da zai amsa wannan tambaya, wanda a da sai injiniya ko jami'in lafiya ke riƙe da shi, yanzu ya shigo aljihun matasa. Kowace wayar zamani tana da makirufo, kuma akwai manhajoji na kyauta da ke mayar da abin da makirufon ya ji ya zama lamba a fuskar waya.

Kafin mai karatu ya sauke ko ɗaya daga cikinsu, ya kamata ya san abin da lambar take nufi. Ma'aunin ƙarfin sauti sunansa desibel, an samo shi daga sunan Alexander Graham Bell, mutumin da ake jingina wa ƙirƙirar tarho. Lissafinsa ba irin na mudu ba ne, inda biyu take ninkin ɗaya. A nan, duk ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau biyu, ƙarin desibel 10 kuma ya ninka sau goma. Idan janareta guda tana ba da 80, aka kunna wata irinta a gefenta, abin da za a samu 83 ne, ba 160 ba. Raɗa tana kusan 30, hirar mutum biyu tana kusan 60, babur kuwa idan kana dab da shi yakan kai 95. Wanda ya ga wayarsa ta tashi daga 85 zuwa 95 kada ya ce ai goma ce kawai ta ƙaru. Tazarar tamkar wadda ke tsakanin takardar naira 100 da ta naira 1,000 ce.

Ƙarfi kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa shi da tsawon lokaci. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, wato NIOSH, ta sanya desibel 85 na tsawon awa 8 a matsayin iyakar da bai kamata ma'aikaci ya wuce ba a yini. Daga nan, duk ƙarin 3 yana raba lokacin gida biyu. A 88 awa 4 ne, a 91 awa 2, a 94 awa 1, a 97 minti 30, a 100 kuma minti 15 kacal. Dalili kuwa yana can cikin kunne. Akwai wata 'yar gaɓa mai siffar dodon-koɗi da ke ɗauke da ƙwayoyin halitta masu 'yan siraran gashi, kimanin 16,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da motsin iska ya zama saƙon da ƙwaƙwalwa take fahimta. Misalinsu kamar ciyawar burtali ne. Idan garke ya bi ta kanta sau ɗaya takan kwanta ta sake miƙewa, amma idan kullum ana bi, wata rana sai a tarar da ƙasa fayau. Bambancin kawai shi ne ciyawa tana dawowa da damina, waɗannan kuwa idan sun mutu sun tafi ke nan.

Abin da ya sa cutar take da wuyar ganewa shi ne ba ta zuwa da zafi ko jini. Sautuka masu siriri ne ke fara ɓacewa, irin su s da sh da ts da f. Mutum yana jin ana magana, amma kalmomi suna cakuɗe masa, musamman a cikin taro. Sai iyalinsa su ce ya cika ɗaga murya, abokan ciniki su ce ba ya mai da hankali. Kukan da kunne ke yi bayan an tashi daga aiki, wanda yawanci ake sharewa, gargaɗi ne na farko. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Maris na 2021 ya nuna mutane fiye da biliyan 1.5 suna da raunin ji, ƙarami ko babba, kuma miliyan 430 daga cikinsu suna bukatar kulawar ƙwararru. A nan gida, wani bincike da aka buga a 2007 kan masu injin niƙa 85 a wata babbar kasuwa ta Ibadan ya sami desibel 88 zuwa 90 a ƙananan injina, da 101 zuwa 105 a manya. Babu ko ɗaya daga cikin ma'aikatan da ke sa abin kare kunne, kuma an sami rauni a fiye da rabin kunnuwan da aka gwada.

Injin niƙa na Ibadan da na Illela 'yan gida ɗaya ne. Idan aka ɗora waɗannan lambobi a kan lissafin lokacin da na kawo a sama, za a ga cewa yaron da ke tsaye a bakin babban inji yana cinye rabonsa na yini guda cikin ƙasa da minti 15, sannan ya ci gaba da tsayuwa har la'asar. A ganina, shi ne mutum na farko da ya kamata wannan manhaja ta yi wa aiki. Mu da muka yi boko, idan aka ambaci hayaniya, abin da ke fara zuwa zukatanmu shi ne barcin da aka hana mu ko karatun da aka katse mana. Wannan damuwa ce ta gaskiya, amma mu muna iya rufe taga ko mu canza ɗaki. Almajirin da ke zuba hatsi a bakin inji, da yaron mai walda, da mai gadin janareta, da ɗan kamashon da ke yini tsakanin tireloli, su ne ke biya da gaɓar jikinsu, kuma su ne ba a taɓa jin kokensu ba.

To, yaya gaskiyar wannan sabon mudu take? A 2014 masu bincike biyu na cibiyar NIOSH, Chucri Kardous da Peter Shaw, sun duba manhajoji fiye da 130 na wayar iPhone da 62 na Android. Goma kawai daga rukunin farko da huɗu daga na biyu suka cancanci a gwada su. A ƙarshe, huɗu daga cikin na iPhone ne suka ba da lambar da ba ta kauce wa na'urar ƙwararru da fiye da desibel 2 ba. A 2017 cibiyar ta fitar da tata manhajar kyauta, amma ta iPhone kaɗai, domin wayoyin Android kamfanoni barkatai ke ƙera su, kowane da irin makirufonsa, ba a iya daidaita su da awo guda. Nan ne gizo ke saƙar, don kuwa abin da ke hannun mafi yawan mutanenmu Tecno ne da Infinix da itel, dukansu Android. Na sha ajiye wayoyin ɗalibaina biyu gefe da gefe a kan teburi ɗaya, da manhaja iri ɗaya, kowace ta faɗi tata lamba. Akwai manhajar NoiseCapture ta Android, wadda masu bincike na Faransa suka samar, mai ba da damar a daidaita waya da na'ura ta gaskiya, amma sai an sami na'urar tukuna.

Akwai wani aibi da ya fi wannan muhimmanci. An ƙera makirufon waya ne don muryar mutum, ba don rurin inji ba. Idan ƙara ta yi tsanani, wayoyi da yawa sukan cije a wata lamba su ƙi hawa, ko da sautin yana ta ƙaruwa. Ma'ana, a daidai wurin da haɗari ya fi yawa, a nan waya ta fi yiwuwar rage gaskiya. Iskar hunturu kuwa idan ta bugi makirufo, takan sa lamba ta yi sama ba gaira ba dalili. Duk da haka, wannan bai mai da ita abin yarwa ba, kuma ɗan kasuwar Illela ya fi kowa sanin dalili. Mudun wannan rumfa yana iya ɗara na waccan, amma idan da mudu guda ka auna buhu biyu, za ka san wanda ya fi cika. Waya ba za ta rantse maka cewa ƙarar 87 ce ba 90 ba, amma za ta bambance maka 65 da 90, kuma za ta gaya maka ko gyaran da ka yi ya rage wani abu.

Ga wanda zai gwada, ga abin da nake ba ɗalibaina shawara. Na farko, a zaɓi awon da ke ɗauke da harafin A, wato dBA, domin shi ne ke kwaikwayon yadda kunnen mutum yake ji. Na biyu, kada a ruɗu da lamba mafi girma da ta gilma lokacin da wani ya danna hon. A bar waya ta yi minti biyar ko goma, a ɗauki matsakaicin. Na uku, a riƙe ta nesa da jiki, kada yatsa ko rigar waya su toshe makirufo, kuma a auna a daidai inda kunnen mai aiki yake, ba daga bakin ƙofa ba. Na huɗu, a rubuta rana da lokaci da wuri da irin wayar, a kuma yi amfani da waya guda a duk kwatancen. Na biyar ya shafi garin kan iyaka musamman: kada a je ana ɗaga waya a shingen jami'an tsaro ko a ƙofar kwastan, kuma a nemi izinin mai wuri kafin a auna masa inji, don kada neman ilimi ya rikiɗe ya zama zargin leƙen asiri. Wanda ba shi da waya ma yana da ma'auni: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, to mai yiwuwa wurin ya kai 85 ko ya wuce.

Mutane da yawa ba su san cewa Nijeriya tana da doka a kan wannan batu ba. A 2009 aka fitar da ƙa'idojin kayyade ƙara a ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007. Sun sanya desibel 50 da rana da 35 da dare ga gidajen zama, da 60 da rana da 50 da dare ga unguwar da ta haɗa gidaje da ƙananan sana'o'i da kasuwanci. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun 1999 ta ba da shawarar kada hayaniyar da ke shigowa aji ta wuce 35 lokacin darasi. Duk wanda ya san makarantar da ke bakin titi ya san nisan da ke tsakanin takarda da zahiri. A Legas an bi hanyar ƙarfi, inda a 2016 hukumomi suka rufe coci 70 da masallatai 20 saboda ƙara. Ba na jin wannan hanya za ta karɓi garin da kowa ya san kakan kowa. Kuma lambar waya ba hujjar kotu ba ce, lauya mai wayo zai rushe ta cikin minti guda.

Inda nake ganin amfaninta shi ne a zauren sulhu. Rigimar hayaniya tsakanin maƙwabta takan lalace ne saboda babu abin da za a ɗora a faifai sai ji da ji. Wannan ya ce an dame shi, wancan ya ce hassada ce, daga nan sai a koma tonon asiri. Amma idan aka je gaban mai unguwa ko sarkin kasuwa, aka ajiye waya a ɗakin da jariri yake kwana, aka kunna janareta aka kashe, kowa ya ga yadda lamba ta hau ta sauka, magana ta tashi daga kan mutum ta koma kan inji. Gani ya kori ji. A nan ne kuma ake gane cewa magani ba shi da tsada. A fili, duk lokacin da aka ninka nisa tsakaninka da tushen ƙara, tana raguwa da kimanin desibel 6. Matsar da janareta daga mita 2 zuwa mita 8 yana iya rage kusan 12. Gyara salansa, ɗaure kusoshin da suka saki, ɗora inji a kan tsohuwar taya, juya bakin lasifika daga gidaje, duk abubuwa ne da ba su kai kuɗin buhun gero ba.

Batun lasifika yana bukatar a taka a hankali, amma ba a tsallake shi ba. Kiran salla ba shi ne abin magana ba, 'yan mintuna ne, kuma alama ce ta addini da kowa ke girmamawa. Abin dubawa shi ne kiɗan biki da ke kaiwa tsakar dare, da tallan da ke yini, da tarukan da ake sakin sauti har ya isa unguwa ta uku alhali masu sauraro ba su cika tabarma biyar ba. A watan Mayu na 2021 ma'aikatar harkokin addinin Musulunci ta Saudiyya ta taƙaita amfani da lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, ta kuma ce kada ƙarfinta ya wuce kashi ɗaya cikin uku, bayan koken iyaye kan barcin 'ya'yansu. Ba ina cewa mu kwafi hukuncinsu ba ne. Ina nuna cewa tattauna ƙarfin lasifika ba raina addini ba ne. Sassauta murya yana cikin nasihohin da Luƙmanu ya yi wa ɗansa, haƙƙin maƙwabci kuwa malamanmu ba su bar komai ba wajen bayaninsa.

Na san abin da wani zai ce: yankin da ke fama da matsalar tsaro da tsadar abinci, ina shi ina zancen desibel? Amsata ita ce, kunne jarin talaka ne. Da shi ɗan kabu-kabu yake jin motar da ke tafe a bayansa, da shi dillali yake kama tayin da aka yi ƙasa-ƙasa, da shi almajiri yake ɗaukar karatu daga bakin malami. A ƙauyukan da ake kwana da ido ɗaya, da shi ake jin tahowar babura tun suna nesa. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya rasa jinsa yana ɗan shekara 30, hanyar Sakkwato zai kama, zuwa sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma na'urar taimaka wa ji ta fi ƙarfin aljihun mai niƙa. Robar toshe kunne kuwa, idan an sa ta daidai, tana rage desibel 15 zuwa 30. Audugar da wasu ke cusawa ba ta tare abin kirki, kwanciyar hankali ce kawai ta ƙarya.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga malaman kimiyya na makarantun sakandaren Illela da Gwadabawa da Kware: ku mayar da wannan aikin aji. Ɗalibi ya auna tasha ranar Lahadi da ranar Talata, ya auna ajinsu da taga a buɗe da kuma a rufe, ya zana abin da ya samu. Zai fahimci lissafin desibel fiye da yadda allo zai koya masa. Ga shugabannin ƙungiyoyin masu niƙa da masu walda: ku sa robar kunne cikin kayan aiki kamar yadda kuke sayen man inji, ku kuma riƙa musanya yara a bakin inji maimakon a bar guda ya yini. Ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma da mu malaman jami'a: na'urar awo ta gaskiya guda ɗaya ta isa a daidaita wayoyi masu yawa da ita, a kuma ɗauki awon manyan wuraren garin tun yanzu, kafin sabuwar hanya ta fara aiki. Idan ba a san yadda garin yake a yau ba, ba za a iya cewa ga abin da ya ƙaru gobe ba.

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka, domin ta hanyarsa muke karɓar labarin waɗanda ba mu riska ba. Abin takaici ne a ce yaron da ya taimaka wajen ciyar da gari ya kai shekarun da jikokinsa za su zauna gabansa, ya kasa jin tambayar da suke yi masa. Illela ba ta bukatar ta yi shiru, Allah Ya raba ta da irin wancan shirun. Abin da take bukata shi ne ta san yawan ƙarar da take sha, kamar yadda ta san farashin sefa kowace safiya. Allah Ya kare mana jinmu da ganinmu. Sai mako mai zuwa, in muna da rabon ganawa.